Wa ke koyarwa, wa ke sa ido? Matsalar makarantun kuɗi ga yara masu buƙata ta musamman daga Sabon Birni da Isa

A ƙauyukan gabashin Sakkwato, labarin yakan faro ne da zazzaɓi a lokacin bazara. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ya kwanta, wuya ya sanƙare, a yi ta fama har Allah Ya ba shi lafiya. Sai bayan an gama murna uwa ta lura cewa idan ta kira shi daga baya ba ya waigowa. Sanƙarau ya tafi, amma ya tafi da jinsa.

Daga wannan rana tambaya ɗaya ce ke bin iyayen: ina wannan yaro zai yi karatu, kuma a hannun wa za a bar shi?

Ga mai zaune a Gatawa ko Tsamaye ko Bafarawa, amsar ba ta kusa. Makarantar da aka fi sani a jihar wajen koyar da kurame da makafi da sauran masu buƙata ta musamman ita ce ta gwamnati da ke cikin birnin Sakkwato, wato Makarantar A.A. Raji, wadda ke ɗauke da sunan Rasheed Adisa Raji, jami'in sojan ruwa da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1998. Idan ba a samu gurbi a can ba, ko kuma lalurar yaron ba irin wadda aka fi ƙwarewa a kanta ba ce, sai a koma ga makarantu da cibiyoyi masu zaman kansu a manyan birane, in akwai halin biya.

A nan ne wata matsalar ke ɓoye. Iyaye na duba gini da fenti da kuɗin zango. Abin da ya fi shafar rayuwar yaron kuwa abu biyu ne da ba a gani daga bakin ƙofa: su wane ne ma'aikatan, kuma yaya ake gudanar da wurin.

Hanyar da ta raba yaro da iyayensa

Kafin a zo maganar malami, sai an fara da maganar hanya.

Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na cikin yankunan da 'yan bindiga suka fi addaba a jihar Sakkwato. A watan Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A watan Disambar wannan shekarar, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a jihar Katsina, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan kan iyaka, ciki har da na Isa da Sabon Birni.

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, waɗannan biyun na ciki. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya fiye da 20 a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, daga baya aka kashe shi a hannun masu garkuwa. Hanyar Marnona zuwa Isa da ta ratsa dajin Gundumi ta daɗe tana ba direbobi tsoro. Dubban mutanen yankin sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, musamman wajen Gidan Rumji.

Ma'anar wannan ga uban da ya kai ɗansa kurma makarantar kwana a birni ita ce ba zai iya leƙa shi duk mako ba. Wataƙila sai hutu, wataƙila ma ya wuce hutun. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota shi ma ya zama wani shinge.

Ziyarar iyaye ita ce sa ido mafi arha kuma mafi tasiri a kowace makaranta. Idan babu ita, komai ya koma hannun ma'aikata da mai makaranta.

Yawan buƙata, ƙarancin hannu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya na rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a tsakanin yara daga abubuwan da za a iya kaucewa yake fitowa, kuma mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga sanƙarau mai tsanani na iya ƙarewa da lalura ta dindindin, kamar kurumta ko farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa.

Wannan yanki ya san sanƙarau. Annobar 2016 zuwa 2017 ta fi ƙamari a Zamfara da Sakkwato da Katsina, inda aka samu sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar, fiye da 1,100 suka rasu. Yaran da suka tsira a wancan lokaci yanzu sun kai shekarun ƙarshen firamare ko sakandare.

Ga kuma ƙyanda, da shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, da doguwar naƙuda a gida saboda babu halin fita asibiti cikin dare, da tamowa. Duk waɗannan na iya barin yaro da lalurar ji ko gani ko gaɓoɓi ko fahimta. Rashin tsaro na ƙara su, domin yana hana rigakafi da awon ciki isa ƙauyuka.

Malaman da za su koyar da waɗannan yara kuwa ba a samar da su a ko'ina. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, ita ce cibiyar da aka fi dogaro da ita a ƙasar. Akwai sassan koyar da wannan fanni a Jami'ar Ibadan da Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano. Wanda ya kammala a irin waɗannan wurare yana da zaɓi: aikin gwamnati mai fansho, ko ƙungiyoyin agaji, ko manyan makarantun kuɗi na Abuja da Legas. Ƙaramar makaranta mai zaman kanta a Arewa maso Yamma ita ce ta ƙarshe a layi.

Ba baƙon abu ba ne hannun masu zaman kansu

Ya kamata a yi adalci: ilimin masu buƙata ta musamman a Najeriya ba gwamnati ce ta fara shi ba. Makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato 'yan mishan ne suka buɗe ta a 1953. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya kafa makarantar kurame a Ibadan a 1960, kuma ta hannunsa maganar hannu irin ta Amurka ta samu gindin zama a makarantun ƙasar. Daga baya ne jihohi suka shigo da makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da ta kurame a Malumfashi.

Har yau, a fannin yara masu galahanga da masu jinkirin fahimta da masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana gaɓoɓi aiki, cibiyoyi masu zaman kansu ne ke cike gurbi mai yawa. Sau da yawa wadda ta buɗe cibiyar uwa ce da ta rasa inda za ta kai ɗanta, ta fara da ɗaki ɗaya, maƙwabta suka ji suka kawo nasu.

Niyyar mai kyau ce. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta koyar da rubutun makafi, kuma ba ta san abin da za a yi idan farfaɗiya ta buge yaro a tsakiyar aji.

Lissafin da ba ya fita

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa a makarantun musamman malami ɗaya ya riƙe ɗalibi goma. Ga yaran da ba sa iya cin abinci ko zuwa bayi da kansu, ko goman ma ta yi yawa, sai an haɗa da mataimaki.

A nan lissafin makarantar kuɗi ke rikicewa. Makarantar gama-gari na iya tara yara 40 a aji, kuɗinsu ya biya malami ɗaya har a samu rara. Makarantar musamman mai yara 40 tana buƙatar aƙalla malamai huɗu, da masu reno, da mai gashin ƙashi ko mai koyar da magana da zai riƙa zuwa lokaci-lokaci. Ko dai a tsawwala kuɗi har talaka ya kasa, ko a rage ma'aikata, ko a ɗauki waɗanda ba su da horo a kan albashi kaɗan. Hanya ta uku ce ta fi sauƙi, kuma ita ce ba a gani da ido.

Akwai wani gurbi a doka da ke ƙara sauƙaƙa hakan. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan ma'aikatar da ke da ƙasa da mutum 25 ba. Ƙananan cibiyoyi masu zaman kansu yawanci ba su kai wannan adadi ba. Don haka malamin da ke yin ɗaya daga cikin ayyuka mafi wahala a fannin koyarwa na iya karɓar abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, kuma babu dokar albashin da aka karya.

Abin da ke biyo baya shi ne yawan sauyin ma'aikata. Malami ya zo, ya yi zango biyu, ya samu wani aiki ya tafi. Ga yaro mai galahanga, wanda ɗan sauyi kaɗan ke tayar masa da hankali, sabuwar fuska na nufin komawa farko. Ga yaro kurma, tafiyar malamin da ya iya maganar hannu na nufin ajin ya yi shiru, ko da an kawo wani ya tsaya gaban allo.

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke ba da lasisin koyarwa. Wannan sharaɗi ya shafi makarantun kuɗi kamar yadda ya shafi na gwamnati. Amma ko mai NCE ɗin, idan a fannin lissafi ko Hausa ya yi ta, bai zama malamin makafi ba.

Harshe biyu a hannu ɗaya

Akwai wata matsalar da ba a cika magana a kanta ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu harshen tun kafin zuwan boko, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi bincike a kansa a Kano, ta wallafa littafi a 2000. Harshen da ake koyarwa a makarantu kuwa ya ginu ne a kan na Amurka, yana tafiya tare da Turanci.

Yaron da ya taso a Isa yana magana da mahaifiyarsa da alamun gida, idan aka kai shi birni zai koyi wasu alamun daban. In ya dawo hutu, abin da ya koya babu mai fahimta a gidan. Idan wani abu ya same shi a makaranta, yana iya faɗa da hannunsa sarai, amma babu wanda ya ji.

Makarantar da ta san aikinta tana koya wa iyaye da 'yan uwa alamomin farko, ko da na kwana biyu ne a ranar kawo yaro. Tana kuma ɗaukar manyan kurame aiki, domin su ne suka fi kowa iya shiga tsakanin harsunan biyu. Wadda ba ta yin ko ɗaya, ta yanke igiyar da ke tsakanin yaro da gidansu, ko da ba da gangan ba.

Waɗanda ke kwana da yaran

Idan ana maganar ma'aikata, hankali na tafiya kan malamai. Amma a makarantar kwana, malami na tashi da azahar ko la'asar. Sauran sa'o'in yaro na hannun masu reno da mai dafa abinci da mai gadi da direba. Su ke yi masa wanka, su ke ba shi magani, su ke tare da shi cikin dare.

Su ne kuma aka fi ɗauka ba tare da bincike ba. Sau da yawa wani ne ya kawo wani, ko ɗan uwan mai makaranta ne da ba shi da aiki. Babu takardar ɗaukar aiki, babu wanda ya tsaya masa, babu horo kan yadda ake kwantar da yaron da ya fusata ba tare da duka ko ɗauri ko kullewa ba.

Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa yara masu nakasa sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi. Dalilin a fili yake. Makauniya ba za ta iya nuna wanda ya taɓa ta ba. Kurma ba zai yi ihun da za a fahimta ba. Mai jinkirin fahimta idan ya faɗa, sai a ce ai ba shi da hankali. Mai mugun nufi ya san da haka.

Shi ya sa ƙa'idojin da ake bi a wuraren da aka tsara suke da sauƙin faɗa: mace ce ke kula da wanka da kwanan yara mata, ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yaro a ɗaki a kulle, ana rubuta duk rauni da duk maganin da aka bayar, kuma akwai wanda ke farke cikin dare. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Shugabanci suke buƙata.

Mai makaranta shi ne komai

A yawancin ƙananan makarantu masu zaman kansu, mutum ɗaya ne mai gida, shi ne shugaban makaranta, shi ne ma'aji, shi ne mai ɗaukar aiki da kora. Idan uba na da koke a kan malami, wajensa zai je. Idan koken a kan mai makarantar ne ko ɗan uwansa, babu ƙofa ta biyu.

Haka ma malami. Wanda ya ga ana cutar da yaro ya san cewa magana na iya cin aikinsa, kuma wataƙila yana bin albashin wata biyu. Sai ya zaɓi shiru, ko ya tattara nasa ya tafi ba tare da ya ce komai ba.

Iyaye su ma bakinsu a ɗaure yake. Wanda ya sha wahala kafin ya samu wurin da ya karɓi ɗansa ba zai so a ce masa ya zo ya ɗauke shi ba. Da babu gara ba daɗi, in ji masu iya magana. Ga wanda ya baro ƙauyensa yana zaman gudun hijira, ko wanda wani mai hali ke biya wa yaronsa, tsoron ya ninka.

Ga kuma maganar kuɗin taimako. Cibiyoyin masu buƙata ta musamman na jawo sadaka da zakka da gudummawar ƙungiyoyi, musamman da azumi. Inda babu kwamitin amintattu kuma babu asusun da ya bambanta da aljihun mai makaranta, ko mai gaskiya ba shi da abin da zai kare kansa da shi ranar da aka zarge shi.

Darasin 2019

Arewa ta riga ta ga inda rashin sa ido ke kaiwa. A ƙarshen watan Satumban 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da sama da mutum 300, ciki har da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka. A watan Oktoba aka bankaɗo makamantansa a Daura da Katsina da Zariya da wasu garuruwa. A watan Nuwamba ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ziyartar wurare 28 da ake ajiye masu lalurar ƙwaƙwalwa, na gwamnati da na addini da na gargajiya, inda ta tarar da ɗauri da sarƙa a kusan dukkansu.

Waɗannan gidajen mari ne, ba makarantun musamman ba, kuma ba daidai ba ne a haɗa su a kwando ɗaya. Amma abubuwan da suka ba su damar daɗewa su ne dai waɗanda aka lissafa a sama: iyaye na nesa kuma suna biyan kuɗi, ma'aikata ba su da horo, mutum ɗaya ke da iko duka, babu jami'in da ke shiga ba sanarwa. Kuma inda babu makarantar da za ta karɓi yaro mai lalurar da ba a fahimta ba, irin waɗannan gidaje ne ke buɗe masa ƙofa.

Ba kuma matsalar talauci kaɗai ba ce. A Ingila, a 2011, shirin Panorama na BBC ya ɗauki hoton ɓoye a Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa na masu lalurar fahimta kusa da Bristol. Ma'aikata 11 suka amsa laifi, aka ɗaure shida. Kafin nan wani babban ma'aikacin jinya ya kai ƙara ga hukumar sa ido, ba a ɗauki mataki ba. A Afirka ta Kudu kuwa, a 2016, gwamnatin lardin Gauteng ta kwashe marasa lafiya daga cibiyoyin Life Esidimeni zuwa ƙananan ƙungiyoyi marasa ingantaccen lasisi da ƙwararrun ma'aikata, don rage kashe kuɗi. Mutum 144 suka mutu.

Abin da doka ta ce

A takarda, yaro mai nakasa a Najeriya ba maraya ba ne. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare. Ta wajabta wa makarantun gwamnati su karɓi kowa, su samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo, kuma a sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja. Ta ware kashi biyar cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu nakasa. Wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-gine ya cika a Janairun 2024. An kuma kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020.

Akwai manufar ilimin masu buƙata ta musamman ta 2015. Hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, na ware wani ƙaramin kaso na kuɗinta ga wannan fanni. A 2021 Sakkwato ta samu dokarta ta kare haƙƙin yara. A Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar zamanin Turawa.

Rajista da duba makarantun kuɗi kuwa aikin ma'aikatar ilimi ta jiha ne. Sai dai jami'in da aka horar don duba makarantar gama-gari zai ƙirga kujeru da bayi da rajistar ɗalibai. Idan bai iya maganar hannu ba, ba zai iya tambayar ɗalibi ko ɗaya ba. Abin da mai makaranta ya fassara masa shi zai rubuta.

Abin da za a iya yi daga gida

Masana fannin sun daɗe suna nuna cewa ba kowane yaro ne ke buƙatar a kai shi nesa ba. Yaro mai lalurar ƙafa ko raunin gani ko raunin ji na iya zama a firamaren garinsu idan akwai malami ɗaya mai horo da 'yan kayan aiki. A yanki kamar Sabon Birni da Isa, inda hanya kanta haɗari ce kuma mutanen ƙauyuka sun taru a hedikwatar ƙananan hukumomi, aji ɗaya na musamman a babbar firamaren gari zai isa ga yara da yawa fiye da gado ɗaya a birni.

Malamin da zai zauna a can kuwa sai ɗan can. Ɗaukar nauyin 'yan asalin yankin, har da kurame da makafin da suka gama sakandare, su je su karanto fannin a Kano ko Jos ko Oyo bisa sharaɗin dawowa, shi ne hanyar da ta fi tabbas. Baƙo ba zai daɗe ba a wurin da 'yan gari ma ke kwana da ido ɗaya.

Ƙasar Gobir ba ta rasa tsarin da za a jingina da shi. Sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu tsofaffi ne a ƙasar Hausa, kuma masu riƙe da su sun san gidan da ake ɓoye yaro. Hukumar zakka da waƙafi ta jihar na iya biya wa marasa hali kuɗin makaranta, ta kuma gindaya sharaɗin cewa duk cibiyar da za ta karɓi kuɗinta sai ta buɗe littattafanta da ƙofarta. Malaman addini kuma suna da hujja a hannu: farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan wani makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, da ya zo neman ilimi.

Tambayoyin da uba zai yi kafin ya bar ɗansa

Ga iyayen da ba su da zaɓi sai makarantar kuɗi, akwai abubuwan da za a iya ganowa a ziyara ɗaya.

A nemi ganin takardar amincewar ma'aikatar ilimi. A tambayi malamai nawa ne suka karanta fannin, kuma shekara nawa wanda ya fi daɗewa ya yi a wurin. Idan babu wanda ya wuce shekara ɗaya, akwai dalili.

A ƙirga yara a aji, a ƙirga manya. A nemi ganin malami na magana da ɗalibi kurma, a duba ko yaron na mayar da amsa. A shiga ɗakin kwana da bayi da madafa, ba ofis kaɗai ba.

A tambayi wa ke kwana da yaran, wane asibiti ake kai su, kuma me ake yi wa yaron da ya ƙi jin magana. A tambayi ko za a iya zuwa ziyara ba tare da sanarwa ba. Makarantar da ta ce sai ranar da ta ware kawai, a yi hattara da ita.

A ƙarshe, wanda ba zai iya zuwa da kansa ba ya wakilta wani ɗan uwa ko ɗan garinsu mazaunin birnin, a rubuta sunansa a makarantar, ya riƙa leƙawa. Idan yaro ya dawo hutu a duba jikinsa, a kuma lura da halinsa. Wanda ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ko yake firgita idan an ɗaga hannu, ko yake kuka mai tsanani ranar komawa, yana ba da labari ne da harshen da yake da shi.

Yaron da sanƙarau ya kurumtar a 2017 yanzu ya doshi balaga. Idan ya samu malami a waɗannan shekaru, yana karatu yana rubutu, yana iya koyon ɗinki ko gyaran waya. Idan bai samu ba, yana nan a tashar motar Sabon Birni ko ta Isa da kwano a hannu, kuma ƙannensa da aka haifa cikin gudun hijira suna tafe a bayansa.